Yadda sunan kira ke nemo mai shi a rediyon ƴan sha'awa na dijital

Duk wanda ya taɓa lura da jirgin sama mai rajistar Nijar zai ga an rubuta 5U a jikinsa, sannan wasu haruffa su biyo baya. Na Najeriya kuwa 5N ne. Waɗannan haruffa ba ado ba ne. Hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, wadda aka kafa a 1865 kuma take da mazauni a Janeba ta ƙasar Suwizilan, ita ce ta raba wa kowace ƙasa haruffan da tashoshin rediyonta za su riƙa fara sunansu da su. Gana na da 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Benin TY, Burkina Faso XT, Sudan ST, Faransa F. Amurka kuwa tana da K da N da W da wani sashe na A.

Da waɗannan haruffa ne ake gina abin da ake ce wa sunan kira. Akwai kuma wasu mutane a duniya da suka mayar da sunan kiran nan tamkar lambar waya: ka rubuta shi a cikin rediyonka, ka danna, muryarka ta je ta sami mai sunan duk inda yake, ko da ya bar garinsu tun jiya. Yaya ake yin haka, kuma me ya shafe mu a ciki? Abin da za mu warware ke nan.

Su wane ne ƴan sha'awa?

Rediyon da kuka sani, irin tasharmu, mutum ɗaya ke magana dubbai na saurare. Rediyon ƴan sha'awa daban yake. Mutane ne, malamai da ɗalibai da makanikai da manoma, waɗanda suka nemi izinin hukumar ƙasarsu, galibi bayan sun ci jarrabawa, aka ba su damar kafa ƙaramar tasha a gida ko a mota domin su riƙa magana da junansu, su koyi fasaha, su kuma taimaka idan bala'i ya katse sadarwa. Ba don kuɗi suke yi ba, doka ma ta hana su yin kasuwanci da shi. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris a 1925.

Kowannensu yana da sunan kira da babu mai irinsa a duniya. Sunan kashi uku ne: haruffan ƙasa, sai lamba, sai haruffan da suka keɓanta da mutumin. Idan aka ji suna ya fara da 5U, kowa ya san daga Nijar ne. Da yake masu wannan harka ba su da yawa a ƙasarmu, ƴan sha'awa na Turai da Amurka da Japan suna ɗokin jin 5U a iska, har wasunsu kan haɗa tawaga su zo su yi ƴan kwanaki suna watsawa daga nan da izinin hukuma.

Inda matsalar take

Ƙaramin rediyon hannu, irin wanda ake ce wa oba-oba, ba ya cin dogon zango. Kilomita kaɗan ne, tudu ko dogon gini ya tare shi. Don haka ƙungiyoyin ƴan sha'awa kan kafa tashar miƙa murya a kan dutse ko dogon ƙarfe, wadda masu jin Faransanci ke ce wa rele. Rele na karɓar muryarka ta sake watsa ta da ƙarfi, sai ta kai kilomita gommai. Amma nan ma iyakarta ke nan, gari ɗaya da kewayensa.

Da aka soma mayar da murya zuwa lambobin kwamfuta, wato dijital, sai aka sami damar haɗa rele da rele ta intanet. To fa, nan tambaya ta taso. Rele dubbai ne a duniya. Wanda kake nema yana kusa da wacce? In an ce a watsa kiranka a dukkansu, iska za ta cika da hayaniya, ba mai jin wani. Dole a sami hanyar gano inda mutum yake, a kai masa kiran shi kaɗai.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun zamanin fataucin goro, baƙon da ya sauka a zangon Kumasi ko Salaga yakan fara gabatar da kansa ga mai masauki, a kai shi gaban sarkin zango. In saƙo ya zo daga gida, ba a bin birni ƙofa-ƙofa. Wurin sarkin zango ake zuwa, ya ce ai wane yana gidan wane. In kuwa baƙon ya tashi bai yi sallama ba, saƙon zai je tsohon masaukinsa ya tarar ba ya nan. Ku riƙe wannan misali, domin duk abin da injunan nan ke yi bai wuce haka ba: rajistar suna, da inda aka ga mai sunan a ƙarshe.

D-STAR: gurabe huɗu kafin murya

Tsarin da ya fi shahara da wannan dabara shi ne D-STAR. Ƙungiyar ƴan sha'awa ta Japan, JARL, ita ce ta tsara shi tun daga ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Icom kuma ya soma ƙera rediyoyinsa. Duk lokacin da mutum ya danna maɓallin magana, kafin muryarsa ta fita, rediyon yana tura wani ɗan gajeren rubutu, kamar abin da ake rubutawa a bayan ambulan. Gurabe huɗu ne a ciki, kowanne yana ɗaukar harafi 8.

Na farko, MY, sunan kiran mai magana. Na biyu, UR, sunan wanda ake nema. Na uku, RPT1, sunan relen da ke kusa da mai magana. Na huɗu, RPT2, ƙofar da ke fitar da murya daga wannan rele zuwa intanet. Ƙofar nan kwamfuta ce da ke ajiye a gefen relen, kuma ana gane ta da harafin G a gurbi na 8. Su ma relen suna da harafi a wannan gurbi mai nuna zangon da suke aiki. A yawancin ƙasashe C na nufin zangon megahaz 144, B na 430, A kuma na 1200.

In mutum yana son hira da duk wanda ke kusa, sai ya rubuta CQCQCQ a gurbin UR. Wannan daidai yake da sanarwar da muke karantawa a tasha, ta ɓatan dabba ko ta ɗaurin aure: kowa ya ji, mai buƙata ya amsa. In kuwa mutum ɗaya yake nema, sai ya rubuta sunan kiransa.

Mu ɗauka ga wani ɗan Nijar mai karatu a Faransa, ya ci jarrabawa ya sami sunan kira. Ya tashi daga Liyon ya tafi Marsai. Da isarsa sai ya danna maɓallin rediyonsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Relen Marsai ta ji sunansa, ƙofarta ta rubuta cewa an ji wane a nan, a zango kaza, da ƙarfe kaza, ta kuma aika labarin ga sauran ƙofofi. Sallamar sarkin zango ke nan.

Can a Jamus abokinsa ya rubuta sunansa a gurbin UR, ya danna. Ƙofar relen Jamus sai ta yi tambaya biyu. Ta farko: a wace rele aka ji wannan suna a ƙarshe? Rajista ta ce Marsai. Ta biyu: mene ne adireshin intanet na ƙofar Marsai? Rajista ta ba da lambobin. Shi ke nan, sai ta kwashe muryar ƙunshi-ƙunshi ta tura kai tsaye, ƙofar Marsai ta miƙa wa relenta, muryar ta fito a rediyon ɗalibin. Mai kira bai san ma abokinsa ya bar Liyon ba. Shi kuma ɗalibin, akwai maɓallin da zai danna rediyonsa ya kwafe sunan mai kiran, ya mayar da amsa ta hanyar da ta zo.

Salularku ma haka take yi. Duk inda kuka shiga, tana gaya wa ƙarfen rezo mafi kusa cewa ga ta, kamfani ya rubuta a rajistarsa. Shi ya sa kiran da aka yi daga Abijan ke samun mutum ko yana Tasawa ko yana Birnin Ƙonni. Bambancin dai shi ne salula na yin sallamar da kanta, shi kuwa mai D-STAR sai ya danna da hannunsa.

Wuraren da abin ke cijewa

Na farko, tsufan labari. A tsarin asali na wajen Japan, ƙofofi na aika bayanansu ga wata babbar kwamfuta a Amurka, su kuma ɗebo na sauran daga wurinta lokaci-lokaci. Hakan na ɗaukar mintoci. Mai tafiya a mota yana iya wuce rele biyu kafin duniya ta san ya bar ta farko, kira ya yi ta sauka inda ba ya nan. Don gyara wannan ne wasu ƴan sha'awa a Jamus suka fito da ircDDB wajen 2010. Sun ɗauki wata tsohuwar hanyar hira ta intanet mai suna IRC suka mayar da ita dandalin ƙofofi: da zarar wata ƙofa ta ji suna, sai ta faɗa a dandalin, sauran su ji cikin daƙiƙoƙi.

Na biyu, mai kira ba ya jin abin da ke gudana a can. Yana iya turo murya alhali wasu na tsakiyar zance a wannan rele. Kamar ka ɗaga labule ka shiga ɗaki ba sallama ne. Shi ya sa ladabin harkar shi ne a yi gajeren kira, a faɗi suna da relen da ake kira daga gare ta, a saurara.

Na uku, mantuwa. In an gama hira ba a mayar da gurbin UR zuwa CQCQCQ ba, duk zancen da mutum zai yi da maƙwabtansa zai ci gaba da fita a wancan gari mai nisa, mutanen can na ji, shi bai sani ba.

Saboda waɗannan dalilai, da yawa sun fi son wata hanya: majalisa. Kwamfuta ce da rele masu yawa ke haɗuwa a kanta, abin da aka faɗa a ɗaya ya fito a dukkansu. Sunayensu kan fara da REF ko XRF ko DCS ko XLX, sai lamba ta biyo. A nan ba sai an nemi mutum ba, an san inda yake zama, kamar yadda aka san dakalin da dattijon unguwa ke hira bayan la'asar.

DMR: lamba a madadin suna

Akwai wani tsarin da ya bazu ƙwarai saboda arahar rediyoyinsa, shi ne DMR. Hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar da shi a 2005, kuma don kamfanoni da ma'aikatu aka yi shi, ba don ƴan sha'awa ba. Don haka ba a tanadi gurbin sunan kira a cikin adireshinsa ba. Lamba kawai ya sani, kuma gurbin lambar na iya ɗaukar kusan miliyan 16 da dubu 700.

Sai ƴan sha'awa suka yi dabara. Suka buɗe rajista guda, wadda yanzu take a RadioID.net. Mutum ya nuna takardar izininsa, a ba shi lamba mai alƙaluma 7, a ɗaure ta da sunan kiransa. Alƙaluma ukun farko na nuna ƙasa, kuma an aro su ne daga lambobin da kamfanonin salula ke gane ƙasashe da su: Nijar 614, Najeriya 621, Gana 620, Faransa 208. Kada a rikita su da 227 da ake dannawa a kira Nijar ta waya, wannan daban ne.

Ke nan a DMR bincike biyu ake yi. Na farko a cikin rezo: in ka kira lambar mutum, manyan kwamfutocin tsarin, irin na BrandMeister, su duba relen da suka ji lambar a ƙarshe su tura can. Na biyu a cikin rediyon mai karɓa: lamba ce ta iso, to ta wane ce? Sai rediyon ya duba jerin sunayen da mai shi ya loda masa daga rajista. In jerin ya tsufa, ko rediyon ba shi da wurin ɗaukar dukkan sunayen, lamba tsura za ta fito a fuskarsa, kamar baƙuwar lamba a salula. Su ma suna da majalisunsu masu lamba. A BrandMeister, 91 ita ce ta duniya baki ɗaya.

Wani sabon tsari mai suna M17, wanda aka soma a birnin Warso na Polan a 2019, ya kauce wa wannan wahala. Yana mayar da sunan kira mai harafi har 9 zuwa lamba ta hanyar lissafi, a can ma a juya lissafin suna ya dawo. Ba a buƙatar wata rajista ta raba lambobi.

Saƙon rubutu ya riga murya

Tun kafin murya ta zama dijital, rubutu ya riga ta. A ƙarshen shekarun 1970 ƴan sha'awa a Kanada suka soma haɗa kwamfuta da rediyo, daga baya aka tsayar da ƙa'idar da ake kira AX.25. A cikinta sunan kira shi ne adireshi, har harafi 6, sannan a ƙara lamba daga 0 zuwa 15 don a bambanta na'urorin mutum ɗaya: ta gida, ta mota, ta hannu. A wancan lokaci mai aikawa shi ke tsara hanya da kansa, ya jera tashoshin da saƙo zai bi, har guda 8. Kamar ka ba direba wasiƙa daga Maraɗi zuwa Damagaram ka ce a bi da ita Agye, Gazawa, Tasawa, a kowane zango a miƙa wa wane. In ɗaya daga cikinsu ya rufe, saƙo ya maƙale.

Tsarin APRS, wanda marigayi Bob Bruninga na Amurka ya ƙirƙiro, ya sauƙaƙa abin. Maimakon sunan tasha, sai a rubuta WIDE2-2, ma'ana duk tashar da ta ji ta miƙa gaba, amma sau biyu kawai. Kowace ta miƙa sai ta rage ɗaya, in ya ƙare a tsaya, don kada saƙo ya yi ta yawo. In kuma saƙon na mutum ɗaya ne, ƙofar intanet da ta ji shi kwanan nan ita ce za ta watsa masa. Kun ga, maganar sarkin zango ce dai ta sake dawowa. Har tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana ɗauke da irin wannan na'ura a megahaz 145.825.

Akwai kuma Winlink, inda sunan kira ke zama adireshin imel. Saƙo na jira a babbar kwamfuta, mai shi ya haɗu da kowace tasha ya samu, ko da tana nesa da kilomita dubu ta gajeren zango, ya kwashi wasiƙunsa. Masu jiragen ruwa da masu aikin agaji sun daɗe suna amfani da shi. Ƴan sha'awa ma suna da nasu kason adireshin intanet, duk masu farawa da 44, tun 1981. Sama da miliyan 16 ne, aka sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu a 2019, kuɗin kuma ana ba da tallafin ayyukan fasaha da karatu da su.

Adireshin gida ma ana dubawa

Akwai wani nau'in bincike da ya kamata a sani. Shafuka irin su QRZ.com na ba da damar a rubuta sunan kira a ga sunan mai shi, sau da yawa har da garinsa da adireshinsa. Asalin abin don a riƙa aika wa juna katin shaidar an yi magana ne. A Amurka rajistar masu izini a buɗe take ga kowa. Haka kuma shafukan D-STAR da DMR na nuna wanda aka ji, da inda aka ji shi, da lokacin. Mai APRS kuwa in ya kunna na'urar nuna wuri, ana ganin motarsa na tafiya a taswira. Wato abin da ke sa a same ka cikin sauƙi shi ne kuma ke nuna wa kowa inda kake. A yankin da ake fama da matsalar tsaro da satar mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya shafe mu

Ƴan uwa na ƙetare kan ga irin waɗannan rediyoyi da araha, su yi tunanin aiko su gida don a huta da sayen kati. Ga abubuwa uku da za a auna tukuna.

Na ɗaya, izini. Ba a watsawa a zangon ƴan sha'awa sai da takardar hukuma da sunan kira, kuma rajistocin D-STAR da DMR ba sa karɓar wanda ba shi da su. A Nijar, ARCEP ce hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa, wurinta ya kamata a fara tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A halin da ake ciki, mutum ya bi ta shingen jami'an tsaro da oba-oba a jaka ba takarda, ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai so ba.

Na biyu, ba wayar iyali ba ce. Dokar ITU ta hana ɓoye ma'anar zance a wannan zango, kowa na iya ji. Ba a ciniki a kai, kuma isar da saƙon wani daga ƙasa zuwa ƙasa an taƙaita shi, sai a lokacin bala'i ko inda hukumomi suka yarda. Maganar kuɗin cefane da ta rashin lafiya, salula ta fi dacewa da su.

Na uku, duk binciken nan da muka bayyana a kan intanet yake tafiya, kuma sai da rele a kusa ko wata ƙaramar na'ura mai haɗa rediyo da intanet. Yawancin relen suna Turai da Amurka da Japan. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun shiga matsalar rezo. A rana irin wannan, ƙofa ba za ta iya tambayar rajista ba. Abin da zai rage shi ne relen gari, wadda za ta ci gaba da haɗa mutanen yankinta muddin tana da batir ko hasken rana, da kuma gajeren zango, wanda ke tsallake ƙasashe ba tare da waya ko kamfani ba.

Nan ne amfanin harkar yake ga ƙasa irin tamu, mai faɗi, mai ambaliya da damina, mai ƙauyukan da rezo bai kai ba. Matasan da ke karatun lantarki da kwamfuta a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da malaman makarantun koyon sana'a, in suka haɗu suka nemi izini ta hanyar da ta dace, suna iya kafa ƙungiya su koyi aikin tun ana zaune lafiya. Ƴan uwanmu na waje da suka riga suka sami sunan kira, taimakon da ya fi shi ne su koyar, su turo littattafai, su haɗa matasan da ƙungiyoyin ƙasashen da suke zaune. Rediyon kuwa a bari sai takarda ta fito.